Yadda Ƙwayoyin Zarra Su Ke Ƙulluwa da Juna

Darasi daga wani mai koyon aikin malanta, Tudun Wada, Zariya

Ya 'yan'uwana masu koyon malanta, da duk wanda wannan takarda ta faɗa hannunsa, ga wata tambaya wadda almajiri mai kaifin hankali ya kan jefa wa malaminsa. A sayo abu uku a kasuwar Tudun Wada, watau gishiri da gawayi da wayar tagulla. In an zuba gishiri cikin ruwa ya kan narke har ya ɓace wa ido, amma in an ɗora shi bisa wutar murhu ba ya narkewa. Gawayi ba ya narkewa cikin ruwa ko ya kwana, amma ya kan ci wuta ya bar toka kaɗan. Waya kuwa ba ta narkewa a ruwa, ba ta cin wuta kamar itace, in an buge ta da guduma sai ta baje, ba ta farfashewa. To, mene ne ya bambanta su?

Malamin da ya ce wa yaro, "Haka halinsu ya ke," ya rufe masa ƙofa. Amsar tana nan, masana sun yi shekara fiye da ɗari suna haƙo ta, kuma takaitawarta ita ce: halin kowane abu yana bin irin ƙullin da ya ɗaure ƙwayoyin da a ka gina shi da su.

Ƙwayar zarra

Kalmar zarra daga Larabci mu ka aro ta, asalinta kuwa ɗan ƙanƙanen abin nan da ido ke gani yana yawo cikin hasken rana in ya ratso ɗaki. Masana ilmin sinadarai na nufin abin da ya fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A shekarar 1808 wani malamin makaranta a birnin Manchesta ta Ingila, John Dalton, ya buga littafi ya bayyana cewa kowane tsantsar sinadari, kamar ƙarfe ko zinariya ko kibiritu, yana da irin ƙwayar zarrarsa dabam, mai nauyinta dabam. Tsantsar sinadaran da a ka sani yau 118 ne, kimanin 90 daga cikinsu a ke samu a ƙasa da ruwa da iska, sauran mutum ne ya ƙera su.

Ku dubi abin mamaki. Haruffan da mu ke rubutu da su ba su da yawa, amma da su a ke rubuta kalmomin da ba su ƙidayuwa. Haka ƙwayoyin zarra su ke: irinsu kaɗan ne, amma da haɗuwarsu a ka sami dawa da auduga da dutse da jini.

Ginin cikinta

Dalton ya ɗauka zarra ba ta rabuwa. A 1897 J. J. Thomson ya gano akwai wani abu cikinta wanda ya fi ta ƙanƙanta ƙwarai, shi ne ilektoron. A 1911 Ernest Rutherford ya nuna kusan dukan nauyin zarra ya taru a wata 'yar cibiya a tsakiyarta. A 1913 kuma Niels Bohr, mutumin Danmak, ya bayyana cewa ilektoron suna zaune kewaye da cibiyar hawa-hawa.

Lantarki iri biyu ne, mai alamar ƙari da mai alamar ragi. Cibiya tana ɗauke da na ƙari, ilektoron suna ɗauke da na ragi. Masu iri ɗaya su kan ture juna, masu iri dabam su kan jawo juna, kamar yadda bakin maganaɗisu biyu ke yi. Wannan jan shi ne tushen dukan ƙullin da za mu ambata, don haka a riƙe shi da kyau.

Hawan farko, wanda ya fi kusa da cibiya, ilektoron 2 kaɗai ya ke ɗauka. Na biyu yana ɗaukar 8. Na uku kuma, a ƙananan sinadaran da za mu yi magana a kansu, da 8 ya ke samun natsuwa. Ga lissafin waɗansu:

Haidirojin yana da 1.
Kabon yana da 6, watau 2 da 4.
Oksijin yana da 8, watau 2 da 6.
Sodiyam yana da 11, watau 2 da 8 da 1.
Kilorin yana da 17, watau 2 da 8 da 7.
Argon yana da 18, watau 2 da 8 da 8.
Kalsiyam yana da 20, watau 2 da 8 da 8 da 2.

Lamba ta ƙarshe a kowane layi ita ce abin lura, domin ilektoron na hawan waje su ne ke cuɗanya da maƙwabta. Ku dubi argon: hawansa na waje cike ya ke. Kusan kashi 1 cikin 100 na iskar da mu ke shaƙa argon ce, amma ba a gano ta ba sai 1894, saboda ba ta shiga harkar kowa. Sunanta ma da Girkanci ma'anarsa malalaciya. Sauran da hawansu bai cika ba su ne ke ƙulla hulɗa, hanyoyin kuwa manya guda uku ne. A 1916 mutum biyu su ka bayyana biyu daga cikinsu, Walther Kossel a Jamus da Gilbert Lewis a Amurka.

Ƙulli na farko: na bayarwa

Sodiyam ƙarfe ne mai laushi, wuƙa tana yanka shi, in an jefa shi cikin ruwa ya kan yi ta tsalle yana huci har wani lokaci ya kama da wuta. Humphry Davy ne ya fara ware shi a 1807. Kilorin kuwa iska ce mai ɗorawa-ɗorawa, mai dafi, da ita a ka halaka sojoji a yaƙin duniya na farko a 1915. Ba mai hankalin da zai sa ɗaya daga cikinsu a baki. Amma in sun haɗu, gishirin miya su ke zama.

Ga yadda abin ya ke. Sodiyam yana da ilektoron 1 tak a waje, bai riƙe shi da ƙarfi ba. Kilorin yana da 7, saura 1 ya cika. Sai na sodiyam ya koma wajen kilorin. Sodiyam ya rasa ragi ɗaya, don haka ƙarinsa ya rinjaya. Kilorin ya sami ragi ɗaya, don haka raginsa ya rinjaya. Ƙwayar da ta zama haka a ke kira ayon. Tun da ɗaya na ƙari ne ɗaya na ragi, sai su manne wa juna. Kalsiyam kuwa 2 ya ke bayarwa, saboda haka ayon ɗinsa ƙari 2 ya ke ɗauke da shi. Za mu sake komowa kansa.

Kada almajiri ya zaci biyu-biyu su ke zama kamar miji da mata. A 1913 William Bragg da ɗansa Lawrence su ka haska gishiri da hasken nan mai ratsa jiki da likitoci ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, su ka ga kowane sodiyam kilorin 6 ne ke kewaye da shi, kowane kilorin kuma sodiyam 6, sahu bisa sahu, ta kowace fuska. A tsawon milimita 1 akwai ayon wajen miliyan 3 da rabi a jere. Saboda wannan aiki a ka ba su kyautar Nobel a 1915, ɗan yana da shekara 25.

Da wannan sahu mu ke gane halin gishiri duka. Ba ya narkewa a wuta sai zafi ya kai digiri 801, domin kowace ƙwaya maƙwabta shida ke riƙe da ita. In an buge shi kuma ya kan tarwatse, domin bugun ya kan gusar da sahu ɗaya kaɗan, sai ƙari ya fuskanci ƙari, ragi ya fuskanci ragi, su ture juna. Kantun gishirin da ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma su ratsa hamada zuwa Agadas, har ya iso kasuwannin ƙasar Hausa, wannan ƙulli ne ke riƙe da ƙwayoyinsa. Kanwa ma danginsa ce, sodiyam ne a ciki, sai dai abokin zamansa dabam ne.

Ƙulli na biyu: na tarayya

To, in masu neman ƙari biyu su ka haɗu fa, ba mai son bayarwa? Sai su yi abin da manoma biyu kan yi in kowannensu yana da sa ɗaya: su haɗa shanun a garma guda, kowa ya ce da shi a ke noma. Kowace ƙwaya ta kawo ilektoron ɗaya, biyun su zauna tsakani, cibiyoyin nan biyu duka suna jansu. Wannan shi ne abin da Lewis ya bayyana.

Ruwa shi ne misali mafi kusa. Oksijin yana neman 2, haidirojin yana neman 1 domin hawan farko da 2 ya ke cika. Sai oksijin ɗaya ya yi tarayya da haidirojin biyu, su zama dunƙule guda mai ƙwaya uku. Irin wannan dunƙule a ke kira molikul.

Sarkin tarayya kuwa kabon ne. Da ya ke 4 gare shi a waje, hannu huɗu ya ke miƙawa, yana kuma iya kama ɗan'uwansa kabon su yi sarƙa ko zobe. Sukari da man gyaɗa da zaren auduga da naman jikinmu duk a kan sarƙar kabon a ka gina su.

A nan akwai darasi mai zurfi. Daimon, dutsen nan mai tsada, kabon ne tsantsa. Baƙin abin da ke cikin fensir shi ma kabon ne. A daimon kowace ƙwaya ta kama huɗu ta kowace fuska, har dutsen duka ya zama kamar molikul ɗaya, shi ya sa ya fi kowane dutse tauri. A cikin fensir kuwa kowace ƙwaya uku ta kama, su ka yi shimfiɗa-shimfiɗa kamar tabarmi da a ka jibga. Kowace tabarma da ƙarfinta, amma tsakaninsu riƙon sako-sako ne, shi ya sa su ke zamewa su bar baƙi bisa takarda. Ashe ƙwaya iri ɗaya, ƙulli dabam, hali dabam. Yashin rafin Kubanni da ƙyalƙyalin da ke cikin dutsen Kufena suna bin tsarin daimon, sai dai silikon da oksijin ne su ka saƙu, don haka yashi ba ya narkewa sai wajen digiri 1,700.

Ƙulli na uku: na gandu

Ƙarfe da tagulla da azurfa da dalma duk masu sakin ilektoron ne, in su kaɗai ne kuwa ba mai karɓa. Sai su yi zaman gandu. Kowace ƙwaya ta saki na wajenta cikin rumbu ɗaya, ilektoron ɗin su yi ta kai da kawowa ko'ina cikin ƙarfen, ba a ce wannan na wane ne ba. Ƙwayoyin, da ya ke yanzu masu ƙari ne, suna zaune sahu-sahu cikin wannan tafki na ragi, shi ke riƙe da su duka.

Saboda haka in maƙeri ya bugi jan ƙarfe bisa uwar maƙera, sahu ya kan zame bisa sahu, amma tafkin yana bin su duk inda su ka koma, ƙulli bai tsinke ba, sai ƙarfe ya miƙe ya zama fartanya ko lauje. Saboda haka kuma waya ke ɗaukar lantarki, cokalin ƙarfe kuma ke saurin ɗaukar zafi, domin ilektoron masu yawo su ne 'yan aike.

Gandu yana karɓar baƙo. In an sa kabon kaɗan cikin ƙarfe, ƙwayoyinsa su kan cusa tsakanin sahu su hana shi zamewa, sai ƙarfen ya yi tauri. Da irinsa a ke yin layin dogo. Nan Tudun Wada ma, inda a ka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, haruffan ɗab'i na wancan zamani da gaurayen dalma da kuza da antimoni a ke zuba su, domin dalma ita kaɗai ta yi laushi, harafi ba zai jure matsi ba.

Riƙon maƙwabtaka

A cikin molikul na ruwa rabon bai zo daidai ba. Oksijin ya fi haidirojin ƙarfin ja, sai ilektoron na tarayya su ka karkata wajensa. Linus Pauling, wanda ya buga babban littafinsa a kan ƙullin sinadarai a 1939, shi ya tsara ma'aunin wannan ƙarfin ja. Kuma molikul ɗin a tanƙware ya ke, kusurwarsa wajen digiri 104 da rabi. Don haka gefen oksijin yana da ɗan ragi, gefen haidirojin yana da ɗan ƙari, sai gefen wannan molikul ya riƙa jan gefen wancan. Riƙon ba shi da ƙarfi kamar na tarayya, amma hannu da yawa ne. Ba domin shi ba, da ruwa iska ne a irin zafin ƙasarmu, da ba rijiya ba kogi.

A lura da kyau: in ruwa ya tafasa a digiri 100, riƙon maƙwabtaka kaɗai ya saki. Tururi ruwa ne har yanzu, oksijin na nan riƙe da haidirojin ɗinsa biyu.

Yanzu mun sami amsar narkewar gishiri. Molikul na ruwa su kan yi wa kowane sodiyam zobe da gefensu na ragi, kowane kilorin da gefensu na ƙari, su janye su ɗaya-ɗaya daga sahu. Man gyaɗa kuwa ba shi da gefen ƙari ko na ragi sosai, ruwa bai sami abin kamawa ba, sai man ya taso sama. Sabulu shi ne ɗan tsakani, domin molikul ɗinsa kai ne mai son ruwa da doguwar wutsiya mai son mai.

Kwancewa da sake ƙullawa

Kwance ƙulli sai an kashe ƙarfi, ƙulla sabo kuwa ya kan fid da ƙarfi. Shi ya sa gawayi ba ya kamawa sai an kawo masa wuta ta fara kwance tsofaffin ƙulli. Da kabon ya kama oksijin biyu, sabon ƙullin ya fi na dā ƙarfi, rarar ita ce zafin da ke dafa tuwo.

Marinan birnin Zariya da na Ƙofar Mata a Kano sun daɗe suna aiki da wannan ilmi da hannunsu. Molikul na shuni ƙwaya 30 ne: kabon 16, haidirojin 10, naitirojin 2, oksijin 2. Ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba ya shiga zare. Sai marini ya zuba baba da toka da katsi cikin karofi, ya bar su kwanaki yana motsawa. Waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su kan ƙara wa shunin ilektoron, ruwan toka kuma ya taimaka ya narke, launinsa ya koma kore-kore. A haka ya ke ratsa zare. Da an tsamo tufa, oksijin na iska ya ƙwace ilektoron ɗin nan, shuni ya koma yadda ya ke, ya maƙale cikin zaren. Shi ya sa a ke tsomawa a ɗaga, a tsoma a ɗaga. Adolf von Baeyer na Jamus ya gano ginin wannan molikul a 1883, a 1897 kuma kamfanin BASF ya fara sayar da shunin masana'anta, wanda ya karya kasuwar baba a ƙasashe da yawa.

Inda sanin ya ke ceton rai

Kada a ɗauka wannan ilmin jarrabawa ne kurum. Lokacin hunturu mutane kan shigar da kaskon gawayi ɗaki su toshe ƙofa da taga. In iska ta yi ƙaranci, kabon oksijin ɗaya ya ke samu maimakon biyu, sai a sami wata iska marar launi marar wari. Cikin jininmu akwai ƙwayoyin ƙarfe waɗanda aikinsu su kama oksijin a huhu su sake shi a jiki. Wannan muguwar iska tana kama wurin da ƙarfi fiye da oksijin sau 200, ba ta kuma saki da wuri. Mai barci sai ya wuce bai farka ba. Maganin abin a bar wa iska hanya, a fid da kasko kafin a kwanta.

A 2010 kuma yara fiye da 400 su ka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda a na niƙa dutsen zinariya cikin gidaje, dutsen kuwa cike ya ke da dalma. Ayon na dalma ƙari 2 ya ke ɗauke da shi kamar na kalsiyam, sai jikin yaro ya karɓe shi a matsayin kalsiyam, ya kai shi ƙashi da ƙwaƙwalwa. Malamin da ya fahimci wannan zai iya yi wa iyayen almajiransa gargaɗi da hujja.

Abin da za a gwada a aji

Gani ya kori ji. A narkar da gishiri da yawa cikin ruwa, a tace, a zuba kaɗan a faranti, a ajiye a inuwa har ya bushe, sa'an nan yara su duba da gilashin ƙara girma, za su ga 'yan dunƙulaye masu kusurwa kamar akwati. A bugi ƙwayar gishiri da guntun wayar tagulla da guduma, su faɗi bambanci. A haɗa baturan tocila 4 da ƙaramin ƙwai da ƙusa biyu, a tsoma ƙusoshin kusa da juna ba tare da sun taɓa ba, da fari cikin busasshen gishiri, sa'an nan ruwan sukari, sa'an nan ruwan gishiri mai kauri. Na ƙarshe kaɗai zai ba da haske, domin a nan ne ayon su ka sami sakewa. Kada a kuskura a yi wannan da wutar lantarki ta gida.

Tambayoyi

1. Magnesiyam yana da ilektoron 12. Yaya su ka rabu hawa-hawa, kuma kilorin nawa zai ƙulla da su?
2. Don me sukari ke narkewa bisa wutar murhu, gishiri kuwa ba ya narkewa?
3. Wane ƙulli ne ke sakewa in ruwa ya tafasa, wane ne kuma ba ya sakewa?
4. Don me marini ke ɗaga tufa sama bayan kowane tsomi?

Gargaɗi ɗaya ga malami. Misalin garma da gandu da tabarma tsani ne na hawa, ƙwayar zarra ba ta da so ko ƙi, jan ƙari da ragi ne ke kai ta inda ta fi samun natsuwa. Ka'idar takwas kuma ta fi aiki ga ƙananan sinadarai, manya kamar ƙarfe suna da nasu lissafi wanda a ke koya a aji na gaba. A fara da abin da yaro ya taɓa da hannunsa, a bar shi ya yi ta tambaya, a amsa masa da dalili. Haza wasalam.